Tarwaɗar da Aka Ba Gwaggo Sabina Kiwo

Gwaggo Sabina, yayar babana, ba ta san magana a hankali ba. In tana gaishe ka daga bakin fadama, mutanen unguwar coci ne ke amsawa. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta ya yi kanta saboda dukan saksak, bishiyar da muke samun garin tuwonmu a cikinta, tun tana yarinya. A ƙauyenmu Yambunai kowace mace ta iya fafe bishiyar, ta wanke ɓargon, ta tace har garin ya kwanta fari fat a ƙasan kwami. Amma na Gwaggo daban ne, kuma ba ta jiran a faɗa mata, da bakinta take faɗa. Da shi ta raini 'ya'yanta bakwai, ta haɗa da ni bayan rasuwar mahaifiyata, duk muka tashi ɓul-ɓul. Saboda haka a wurinta babu halittar da saksak ba zai gina ba. Mara lafiya saksak, mai jego saksak, ko ɗan kwikwiyo aka tsinto a hanya sai ta tuƙa masa.

Mijinta Baba Aloyis dogo ne siriri, mutumin kirki, ba faɗa ba hayaniya. Aibinsa ɗaya: da ya hango aiki daga nesa sai ciwon baya ya tashi. Tun ina ƙarama yake sassaƙa wata ganga a ƙarƙashin gida, yana tauna buwai, goron ƙasarmu, bakinsa jawur, kuma har na yi aure na haihu gangar nan ba ta yi ƙara ba.

Abu ɗaya saksak ya kasa, shi ne ya zama kifi. Mu mutanen tudu ne, kifi na matan kogi ne. Ranar kasuwa sukan tuƙo kwalekwale daga kogin Sefik su shigo rafinmu har gindin babbar bishiyar da ake zama, su jera kwandunan kifi ta ɓangaren ruwa, mu kuma mu jera curin saksak ta ɓangaren daji. Ba kuɗi, ba ciniki. Kowace mace da ƙawar kasuwarta, kuma gadonta ake yi. Uwar Gwaggo da uwar Kolostika ta ƙauyen Kwaringi sun yi musaya har tsufa, suka bar wa 'ya'yansu. Kifi ya tsallako nan, saksak ya tsallaka can, sauran lokacin kuma na tsiya ne.

"Ke 'yar kada, wannan kifin kama shi kika yi ko tsufa ne ya kashe shi?"

"Rufe mana baki, 'yar daji, ke da ba ki san gaban kifi da bayansa ba. Miƙo saksak ɗin in gani, ko yau ma da yashi kika cika shi."

Sama da shekara arba'in suna haka. Baƙo zai ɗauka yanzu za a dambace. Amma lokacin da Gwaggo ta kwanta ciwon da muka fid da rai, Kolostika ta ɗaure kwalekwalenta a rafinmu ta tare a gidan, tana dafa mata romon kifi tana zaginta har ta miƙe.

Sai kafaɗar Kolostika ta dama ta fara ba ta matsala. Jan koma ya gagara, kwandonta ya dinga raguwa kasuwa bayan kasuwa. Ranar da abin ya kai maƙura ina zaune kusa da Gwaggo. Kolostika ta ajiye wasu 'yan kifaye biyu waɗanda ko kyanwa za ta raina, ba ta yi zagi ba, ba ta ɗago kai ba. Gwaggo ta tura mata cikakken curi kamar kullum, tana kallon wani wuri. Kolostika ta zaro wuƙa ta yanki daidai kifinta, ta turo sauran.

"Ni ba maroƙiya ba ce, Sabina."

Ban taɓa jin ta kira sunan Gwaggo tsurarsa ba sai ranar. Nan ta faɗa mana sauran. Ɗanta Kletus, wanda ke aiki a birnin Wewak, ya ce ba zai bar uwarsa tana zaman jiran abin da maƙwabta za su sammata ba. Mijinta ya rasu, 'yan matanta sun yi aure nesa. In ya zo Kirsimeti ya tarar ba ta iya kai kifi kasuwa, da ita zai koma.

Ni na san abin da Wewak ke yi wa tsofaffinmu, kuma abin yana ƙona mini rai. A ɗauki mace da ta san kowane lungu na kogi, a ajiye ta a ɗakin kwano kusa da titi tana gadin jikoki da ba sa jin yarenta, a ce an hutar da ita. Bayan shekara ɗaya sai a dawo mana da ita a akwati. Gwaggo ma ta sani. Ta yi shiru a hanyar gida, abin da ban taɓa gani ba, har tsuntsaye muka ji.

Gwaggo ba ta da damar ba da saksak kyauta, Kolostika ba za ta karɓa ba. Ba ta da damar samo kifi ta kai kasuwa, don macen tudu da kwandon kifi abin dariya ne har jikoki. Kasuwa ta gaba sai ta zauna ta gyara zani, ta ce, "'Yar kada, in tambaye ki mana. In kin ba mutum ɗan alade kiwo, ya girma a gidansa, aladen na wane ne?"

"Na wanda ya bayar mana. Yau kuma hankalin ne ya tafi?"

"To kifi fa?"

A lokacin ruwa ya janye, kududdufan bayan Kwaringi suna tafasa da 'ya'yan tarwaɗa, yara ma tattaka su suke yi. Da hannu ɗaya mace za ta kwashe su da kwando. In Kolostika ta kawo su, nata ne ko a gidan wa suka girma, kuma babu wanda zai ce an yi mata sadaka.

"Ke za ki yi kiwon kifi?" in ji Kolostika. "Ke?"

"Na raini mutum takwas, kifi ne zai gagare ni?"

Akwai tsofaffin kwalekwale biyu na marigayi mijin Kolostika da suka daina hawa ruwa. Samari suka jawo su har bayan gidanmu, aka toshe tsagunan da yumɓu da ƙaro, aka jawo ruwa daga rafi ta cikin gora. Kolostika ta kawo 'ya'yan tarwaɗa a tukwane, kowanne bai wuce yatsa ba, baƙaƙe da 'yan gashin bakinsu. Aka juye su a kwalekwale ɗaya tukuna. Baba Aloyis ya leƙo daga gindin gangarsa ya ce shi a duniya ya san ana sa jirgi a ruwa, yau ya ga an sa ruwa a jirgi, sannan ya koma ya zauna.

Gwaggo ta karɓe su kamar baƙi daga nesa. Safe da yamma ta tuƙa saksak da tafasasshen ruwa, mafi kyawun da take da shi, ta gutsuttsura musu. Suka yi ta wawaso. Ba a jima ba cikinsu ya taso, Gwaggo kuwa ta hana kowa sakat. Mai wucewa zuwa gona sai ta riƙo hannunsa. Har Fada da ya zo yin addu'a sai da ta kai shi bayan gida.

"Fada, dubi tumbi! Dubi tumbi don Allah! A kogi wa ke ba su irin wannan?"

Ni ma na yi murna, don a wurinmu tumbi shi ne shaidar kiwo. Aladen da ya ci ya ƙoshi a cikinsa ake gani, jariri ma haka. Ba wanda ya lura cewa tumbin kawai ke gaba. Sai da Kolostika ta zo wata rana ta tsoma hannu ta kamo ɗaya, ta shimfiɗa shi a kan yatsanta.

"Yatsa na kawo su, yatsa na same su. Me kike ba su?"

"Abin da ya gina ki, mara godiya."

"Zalla?"

"Da me za a haɗa shi? Saksak ɗina ba ya neman taimako."

Kolostika ta tsaga cikin kifin da farce. Hantar ta kumbura ta yi fari-fari, kitse ya lulluɓe hanjin. Ta sunkuya ta shinshina ruwan, yana tsami kamar kwamin da aka manta ba a wanke ba, ga wasu 'yan kifaye sun juya ciki sama a gefe.

"Kin mai da mini kifi alade, 'yar daji! Kifi kifi yake ci. Kifi, da tana, da ƙwari. Wa ya taɓa ganin tarwaɗa ta hau tudu tana dukan saksak?"

Ranar an yi ta, har kaji suka watse. Ƙarshenta aka raba kifin biyu. Kolostika ta ɗauki kwalekwale na biyu ta ce ko ƙwayar saksak ba za ta shiga ciki ba, kuma saboda ba ta yarda da Gwaggo ba sai ta mai da rabin kwanakinta gidanmu tana gadi. Tana da gaskiya, don sau biyu na kama Gwaggo tana raɓawa wajen da loma a hannu, tana cewa tausayin marayu take ji.

Na Kolostika sun fi tsawo, wannan ba musu. Kayan cikin kifi take ba su, da dodon koɗi da ta farfasa, da gara. Amma abincin da ya taɓa ruwa sai ya watse, rabi ya nutse ya ruɓe, mu yi ta sauya ruwa. Ga su ba sa ƙoshi. Mace mai hannu ɗaya ba za ta iya tara abin da zai ishe su ba, kuma duk ranar da abinci ya gaza sai manyan su haɗiye ƙananan. Kullum jirgin ƙara fili yake yi. Gwaggo kuwa, maimakon ta saduda, sai ta ƙara yawan saksak a nata, wai ba su samu isasshe ba ne. Ina sonta kamar raina, amma taurin kan matar nan ya sha sa ni in shiga daji in yi ta surutu ni kaɗai.

Watanni suka ja. Kletus ya aiko cewa ya gyara wa Mama ɗaki, har da katifa. A jirgi ɗaya ga gajeru masu tumbi, a ɗayan ga dogaye da ke cinye junansu, babu wanda zai cika kwando kafin Kirsimeti. Tsiyar da suke wa juna ma ta rage daɗi, wani lokaci sai su zauna kowacce gaban jirginta ba mai cewa uffan.

Ana cikin haka uwar kasuwarmu ta rasu, tsohuwar da ke raba gardama a gindin bishiya tun kafin a haife ni. Dole duk matan kasuwa, na tudu da na kogi, su taka zuwa ƙauyen marigayiyar can cikin daji zaman makoki. Ni ce mai ɗaukar kaya. Babu wanda ya rage a gida sai Baba Aloyis, saboda bayansa ya tashi da ya ji nisan tafiyar.

Gwaggo ta tsayar da shi gaban jiragen biyu. "Ka ga wannan tukunyar? Saksak ne, na wannan jirgin, ka tuƙa safe da yamma. Naka abincin yana rataye a ɗaki, kada ka haɗa."

Kolostika ta nuna masa buhun busasshen kayan ciki da dodon koɗi. "Wannan kuma na nawa ne. Aloyis, in na ji ƙanshin saksak a jirgina, gangar nan taka da ita zan hura wuta."

"Ku je kawai," in ji shi. "Kamar kuna nan."

Makokin ya ja fiye da yadda muka zata, sai da muka kusa sati uku. A hanyar dawowa ba mai maganar kifi, kowa ta riga ta haƙura. Muna shiga gida Gwaggo ta yar da kayanta ta zagaya baya, sai muka ji ihu.

"Kolostika! Zo ki ga ikon saksak!"

Kifinta sun miƙe. Tumbin ya sauka, jiki ya yi tsawo ya yi kauri, suna bulala da wutsiya ruwa na fantsama. Kolostika ta leƙa nata, su ma sun ƙaru fiye da duk abin da ta taɓa gani, ruwan garau, kuma babu alamar sun ci juna.

"Ikon me? Zo ki ga abin da kifi ke yi in an ba shi abincin gidansu!"

Suka rungume juna suna tsalle kamar 'yan mata, kowacce tana cewa ita ta yi nasara. Baba Aloyis yana gindin gangarsa yana sassaƙa da himmar da ban san shi da ita ba. Na dai lura kumatunsa sun ciko.

Washegari kowacce ta koma ba da abincinta. Kifin Gwaggo suka shinshina saksak suka juya. Na Kolostika suka ɗan taɓa suka bar sauran ya nutse. Amma duk lokacin da Baba Aloyis ya gifta zai zagaya, jiragen biyu sai su ɗauki tafasa, kifi na bin inuwarsa daga wannan kai zuwa wancan, baki a buɗe. Ya koma bin ta gaban gida, yana zagaye mai nisa, shi da ba ya son tafiya.

A makon ne malamin gona ya biyo ta Yambunai, wani natsattsen mutumin lardin Morobe mai suna Gidisa, wanda ke zagaya ƙauyuka yana duba masu tafkin kifi. Ya ji labarin kifi a kwalekwale ya zo gani. Matan biyu suka sa shi a tsakiya, kowacce tana so ya yanke hukunci. Ya saurare su har suka gaji, ya kamo kifi daga nan da can ya duba, sannan ya ce, "Inna, ku yi haƙuri, amma kifin nan abinci ɗaya suka ci. Wa ya ba su da ba ku nan?"

Duk muka juya. Baba Aloyis ya fara laluben bayansa.

"Aloyis," in ji Gwaggo, a hankali, karo na farko a rayuwarta. "Taso."

Da ƙyar maganar ta fito. Abinci biyu, jirgi biyu, safe da yamma, wannan aiki ne na kashe mutum. Sai ya ga ai duk ciki ɗaya za su, ya daka kayan Kolostika ya zuba a cikin saksak mai zafi ya juya, ya mulmula ƙananan curi. Don kada ya riƙa tuƙi kullum, sai ya yi da yawa ya shanya a kan rufi, in lokaci ya yi ya ɗebo ya watsa wa kowane jirgi.

"Saksak a jirgina!" in ji Kolostika, ta dafe ƙirji.

"Ƙazantar kifi a tukunyata!" in ji Gwaggo.

Malam Gidisa ya karɓi ragowar curi ɗaya ya murƙushe a tafinsa, ya shinshina. "Baba, ai saksak ɗin nan kaɗan ne a ciki. In duk tukunyar ka zuba, da ya fi haka nesa. Ina sauran?"

Baba Aloyis ya kalli sama, ya kalli ƙasa. Ashe nasa abincin tun makon farko ya gama da shi. Kuma saksak ɗin da Gwaggo ta ware wa kifi shi ne mai kyau, wanda ko baƙi ba ta cika ba su ba. In ya tuƙa sai ya zauna ya ci ya ƙoshi tukuna, abin da ya rage a gindin tukunya shi ne rabon kifi.

Malamin ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da ya samu numfashi ya yi mana bayani yadda kowa zai gane. Ɗan tarwaɗa da abincin gina jiki yake girma, irin su kifi da dodon koɗi da gara. Saksak kuwa sitaci ne, ƙarfin yawo kawai yake bayarwa. In babu shi sam, kifin sai ya ƙone abin da ya kamata ya zama tsoka wajen iyo, shi ya sa na Kolostika ba sa ƙoshi. In kuma ya yi yawa, cikin tarwaɗa ba ya iya sarrafa shi, sai ya taru a hanta ya zama kitse, girma ya tsaya. Dafaffe ya fi narkewa, kuma shi ke riƙe curin kada ya watse a ruwa. Abin da ya rage a sani shi ne ma'auni.

"Baba, nuna mini inda kake tsayawa in ka ƙoshi."

Aka kawo tukunyar. A gaban matarsa da ƙawar matarsa da maƙwabtan da suka cika tsakar gida, Baba Aloyis ya sa yatsa ya nuna. Aka auna da ƙoƙon kwakwa, ya tashi ƙoƙo ɗaya na saksak, uku na kayan Kolostika.

"Ɗaya cikin huɗu?" in ji Gwaggo. "Saksak ɗina?" Sai ta zauna a kan turmi kamar an yi mata rasuwa. Kolostika ta fara rawa da kafaɗarta mai lafiya, har sai da malamin ya tuna mata cewa ba don ɗayan nan ba, ukunta a ƙasan jirgi suke ruɓewa. Nan take Gwaggo ta farfaɗo.

"Kin ji ko? Ashe ni ke riƙe da ku. Ku uku, ni ɗaya, kuma ba ku iya tsayuwa sai da ni."

Daga ranar gidanmu ya zama wurin aiki. 'Ya'yan Gwaggo maza suka haƙa tafki a gefen rafi, don jiragen sun yi wa kifin kaɗan. Kolostika ta bi matan Kwaringi masu bandar kifi tana kwashe kai da kayan cikin da suke zubarwa, tana shanyawa, aikin da hannu ɗaya ya isa. Ta ƙaro wasu 'ya'yan tarwaɗar a jiragen da suka zama fanko. Baba Aloyis kuwa aka naɗa shi sarkin curi, kuma abin mamaki ya riƙe sarautar. Sharaɗinsa ɗaya, a tuƙa tukunya cike kamar da, ya ci nasa, don a cewarsa ƙoƙo yana iya kuskure amma cikinsa ba ya yi. Gwaggo ta ce shekara arba'in tana neman abin da zai tayar da mutumin nan, ashe kifi ne.

Kletus ya iso Kwaringi kwana kaɗan kafin Kirsimeti, a jirgi mai inji da ya ɗauko haya. Na so in tsane shi, ban iya ba. Yaro ne mai son uwarsa. Ya ga hannunta na dama ya shanye ya rame, ya ga komarta a rataye gizo-gizo ya yi saƙa a kai, bai tsaya jin dogon bayani ba ya ɗaure kayanta ya sa a jirgi. Ta ce masa to, amma ya kai ta kasuwa ta ƙarshe, ya jawo kwalekwalenta a baya.

Da sassafe ni da Gwaggo da surukanta biyu muka kwashe tafkin. Tarwaɗa kamar damtsen hannu, masu santsi, suna ta gurnani a kwando. Muka sauke su a wata kwana ta rafi kafin a kai kasuwa, muka jira. Da jirgin ya iso Kolostika ta ce a tsaya. A kan idon Kletus muka jera kwandunan a kwalekwalen uwarsa. Ta sauka daga jirgin injin ta shiga nata, ta saƙale filafili a hammata ta tura da hagu. Mu kuma muka yanka ta daji da gudu, muka wanke ƙarnin hannunmu, muka zauna bayan curin saksak muna haki.

Babu macen da ba ta san inda kifin nan ya girma ba, rabinsu ma sun taya mu tsince dodon koɗi. Amma da Kolostika ta sauke kwandunanta ta ɓangaren ruwa, kasuwa ta ɗauki guɗa kamar ba a taɓa gani ba. Ta zauna a wurinta, ta zaɓi manya ta tura gaban Gwaggo. Gwaggo ta ɗaga ɗaya ta wutsiya, ta juya shi, ta taɓe baki.

"Wannan ƙanƙanin abin? Wa ya yi miki kiwonsa?"

"Wata 'yar daji na ba, ba ta san komai ba. Mijinta ne ma mai ɗan hankali."

Kasuwa ta kwashe da dariya, har da masu faɗuwa kan kwando. Gwaggo ta turo cikakken curi, Kolostika ta karɓa duka ta sa a kwandonta. Sauran kifin matan tudu suka yi layi a kai, saksak ya taru gabanta fiye da abin da za ta ci a wata. Daɗin da na ji a lokacin ban san da me zan kwatanta shi ba, kuka nake ina dariya.

Kletus yana tsaye a bakin ruwa. Ya tako ya durƙusa kusa da Gwaggo, ya yi ƙasa da murya.

"Inna, na ga abin da kuka yi, kuma na gode. Amma kin ga yadda take tuƙin nan. Daga Kwaringi zuwa nan da nisa. Ranar da hagun ma ta gaza fa? Wa zai kawo ta?"

Tambayar gaskiya ce. Gwaggo macen tudu ce ta asali. Tun da aka haife ta ba ta taɓa taka kwalekwalen da ke kan ruwa ba, ko rafi za ta tsallaka sai ta nemi inda bai kai gwiwa ba. Ta kalli ruwan, ta kalli Kolostika. Sai ta miƙe, ta ɗaure zaninta tamau, ta taka zuwa bakin rafi ta sa ƙafa a kwalekwalen. Ya yi tangal-tangal, ta ƙwalla ƙara ta durƙushe a ciki ta riƙe gefe biyu, idonta a rufe gam.

"Miƙo mini sandar tuƙin nan, ɗan nan. Ni zan je in ɗauko ta."

"Filafili ake cewa, 'yar daji!" in ji Kolostika. "Kuma baya kika juya wa kogin!"

"To zo ki nuna mini gaban, uwar iyawa!"

Kolostika ta shiga ta zauna a bayanta. Suka yi ta juyawa a wuri ɗaya a ruwan da bai kai ƙugu ba, ɗaya na ihu ɗaya na zagi, matan kogi suna ba da umarni goma a lokaci guda. Kletus ya tsaya yana kallonsu, ya goge fuskarsa da hannun riga. Sannan ya je jirgin injin ya sauko da ƙullin kayan uwarsa, ya ɗora a kai, ya tambaye ni hanyar gidanmu, don ya ga alama darasin nan ba zai ƙare ranar ba.